Gawa a Ɗakin Karatu: Tarihin Labarin Kisa Mai Raha, da Abin da Ya Iya da Abin da Ya Kasa

1. Gabatarwa

Duk wanda ya yi lakwal da Faransanci a Yamai, ko Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, da wuya a ce bai taɓa riƙe ɗaya daga cikin ƴan littattafan nan masu rawayan bango ba, waɗanda ake samu a ɗakunan karatu ko wurin masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin kasuwa. A cikinsu akan tsinci gawa tun a babi na biyu ko na uku, amma mai karatu ba ya firgita. Sai ma ya tarar da kansa yana murmushi, yana lissafin waɗanda ake zargi kamar mai wasan dara. Mu kanmu a cikin irin waɗannan littattafai muka tsinci rabin Faransancin da ba a koya mana a aji ba.

Abin da ya jawo wannan ɗan nazari shi ne wata muhawara da ta tashi a ajinmu na fassara, lokacin da muka ba ɗalibai shafi biyu na Agatha Christie su mayar Hausa. Wata ɗaliba ta ƙi aikin, ta ce ba ta ga yadda za a yi a rubuta da Hausa cewa an kashe mutum da safe, da la'asar kuma iyalinsa na shan shayi suna ba'a. Wani ɗalibi ya ce ai wasan ƙwaƙwalwa ne, gawar ta takarda ce. Kowanensu na da gaskiya daidai gwargwado, kuma ba za a iya raba gardamar ba sai an koma ga tarihi. Saboda haka za mu bi sawun wannan nau'in adabi daga inda ya tsiro, wato Ingila da Faransa da Amurka, mu ga abin da ke jan mai karatu zuwa gare shi da kuma inda ya gaza, sannan mu dawo kan tambayar ɗalibanmu.

2. Matsalar suna

Bafaranshe yana cewa roman policier. In muka fassara shi kai tsaye, sai mu ce «labarin ƴan sanda», amma sunan bai dace ba, domin da yawa daga cikin masu warware ƙullin ba ƴan sanda ba ne: akwai tsohuwa mai saƙa, da limamin coci, da mai sayar da abinci. Mun fi son «labarin bin sawu», kuma jarumin mu kira shi «mai bin sawu». Kalmar tana da tushe a tarihin nau'in kansa, don kuwa a cikin Zadig na Voltaire (1747) jarumin ya siffanta karyar sarauniya da dokin sarki ba tare da ya gan su ba, daga sawu da alamomin da suka bari a hanya kawai. Makiyayin da ke neman raƙumarsa da ta ɓace ya san wannan ilimi sarai.

Reshen da muke magana a kai shi ne wanda masu Ingilishi ke kira cosy, kalmar da ke nufin ɗumi da kwanciyar hankali irin na mai zama kusa da murhu, kuma masu buga littattafai a Faransa sun are ta yadda take. A nan za mu kira shi «labarin kisa mai raha». Alamominsa sanannu ne: ƙaramin wuri wanda kowa ya san kowa, kisa wanda ba a nuna jininsa, mai bin sawu wanda yawanci ba aikinsa ba ne, barkwanci a bakin mutanen labarin, da ƙarshe wanda komai ke komawa mazauninsa.

3. Tushe: 1827 zuwa 1914

Raha ta riga labarin bin sawu isa wurin gawa. A 1827 Thomas De Quincey ya buga wata maƙalar gatse a mujallar Blackwood's, inda ya yi kamar yana jawabi ga ƙungiyar masu auna kisan kai kamar yadda ake auna zane ko waƙa. Yana yi wa mutanen zamaninsa ba'a ne, waɗanda ke rububin jaridun da suka kawo labarin kisa. A wannan zamani ne kuma aikin ɗan sanda na zamani ya kafu: Vidocq, tsohon ɗan kurkuku da ya shugabanci ƴan sandan ciki na Faris, ya fitar da tarihin rayuwarsa a 1828, an kafa rundunar ƴan sandan Landan a 1829, aka kuma ba ta sashen bincike a 1842.

Edgar Allan Poe ya aza harsashin nau'in a 1841 da labarin kisan titin Morgue, wanda Baudelaire ya shigar cikin fassararsa ta 1856. Émile Gaboriau ya biyo da L'Affaire Lerouge a 1866, Conan Doyle kuma ya fito da Sherlock Holmes a 1887. Poe bai ɓoye munin gawa ba ko kaɗan. Doyle ne ya fara sassauta yanayin, ta hanyar abota da tsokanar da ke tsakanin Holmes da likita Watson, har mai karatu ya riƙa komawa ga labaran don jin hirarsu. A Faransa Maurice Leblanc ya ƙirƙiro Arsène Lupin a 1905, ɓarawo mai ladabi da ke wasa da hankalin hukuma, Gaston Leroux kuma ya kawo ɗan jarida matashi Rouletabille a Le Mystère de la chambre jaune (1907). A Ingila G. K. Chesterton ya fara labaran Fada Brown a 1910, ɗan guntun limamin Katolika mai yawo da tsohuwar laima, wanda kowa ke rainawa. A 1913 E. C. Bentley ya rubuta Trent's Last Case da niyyar yi wa nau'in dariya: jarumin ya bi hujjoji daki-daki cikin basira, ya kuma faɗa kan amsar da ba ita ba ce. Kafin Yaƙin Duniya na Farko ke nan kayan haɗin duk sun taru.

4. Tsakanin yaƙoƙi biyu

Agatha Christie (1890-1976) ta yi aikin jinya da haɗa magani a wani asibitin Torquay lokacin yaƙin, a can ta san guba. Littafinta na farko, La Mystérieuse Affaire de Styles, ya fito a 1920, da Hercule Poirot, ɗan gudun hijira daga Beljiyam mai ji da gashin bakinsa. A 1930 Miss Marple ta samu littafinta na farko, L'Affaire Protheroe, a ƙauyen St Mary Mead, inda aka tsinci gawar wani kanar a ɗakin karatun limamin coci. Dorothy L. Sayers ta fara labaran Lord Peter Wimsey a 1923, ɗan sarauta mai surutu da wasa.

Me ya sa ƙasar da ta rasa samari fiye da 700,000 a yaƙi ta rungumi labarin kisa don hutawa? Manazarciya Alison Light, a littafinta na 1991, ta ɗauke shi a matsayin adabin masu murmurewa daga ciwo. Mutanen da suka ga mutuwa barkatai ba dalili sun sami sauƙi a labarin da mutuwa ɗaya ce tak, tana da dalili, tana da mai laifi, ana kuma gano shi. Wimsey kansa tsohon hafsa ne da firgicin fagen fama bai sake shi ba, surutunsa mayafi ne.

A wannan zamani aka mai da nau'in wasa mai dokoki, daidai lokacin da wasan cike gurbin kalmomi ke mamaye jaridu. S. S. Van Dine ya tsara dokoki 20 a 1928, Fada Ronald Knox ya tsara 10 a 1929, duka suna neman marubuci ya ajiye wa mai karatu kowace alama a fili. A 1930 marubutan Landan suka kafa ƙungiyarsu, Detection Club, Chesterton ne shugabanta na farko, sabon shiga kuma yakan yi rantsuwa a kan ƙoƙon kan mutum da suka laƙaba wa suna Eric. Wannan kaɗai ya isa ya nuna yadda suke ɗaukar sana'arsu. Kasuwa ma ta taimaka: Albert Pigasse ya buɗe jerin Le Masque a Faris a 1927 da fassarar Le Meurtre de Roger Ackroyd, Mondadori ya buɗe jerinsa mai rawayan bango a Italiya a 1929, Penguin kuma ya fara sayar da littafi a kan sisi a 1935, da koren bango ga labaran laifi. Bayan yaƙi na biyu, a 1949, nau'in ya koma wasan tebur na gaske, Cluedo, inda yara ke neman wanda ya yi kisa, da ɗakin, da makamin.

5. Masu suka da reshen Faransa

Suka mai nauyi ta fito daga Amurka. A ƙarshen 1944 Raymond Chandler ya buga maƙala a Atlantic Monthly inda ya ɗauki wani littafin A. A. Milne na 1922 ya warware shi zare-zare, ya nuna cewa ba ɗan sanda ko likitan gawa na gaskiya da zai yi sakacin da labarin ke buƙata kafin ya tsaya da ƙafafunsa. A ganinsa Dashiell Hammett ne ya mayar da kisa hannun irin mutanen da ke aikata shi a titi. Edmund Wilson, a New Yorker a 1944 da 1945, ya ce karatun ɓata lokaci ne. Mawaƙi W. H. Auden ya amsa ta wata fuska a 1948: ya yarda cewa shi kamu ne na waɗannan littattafai kamar mashayin taba, ya kuma bayyana su da cewa mafarkin al'umma ce marar laifi, wadda zunubi ya shigo mata, aka fitar da shi, ta koma tsarkinta.

A Faransa Marcel Duhamel ya buɗe jerin Série noire a gidan Gallimard a 1945, ya cika shi da fassarar marubutan titi. Amma raha ba ta mutu ba, sai ta rabu gida biyu. Charles Exbrayat (1906-1989) ya riƙe salo mai taushi a Le Masque, da Imogène McCarthery, ƴar Sikotlan mai jan gashi da saurin fushi, wadda ta fara bayyana a 1959, da kuma kwamishina Roméo Tarchinini na Verona. Frédéric Dard (1921-2000) ya bi wata hanya da San-Antonio, daga 1949 har mutuwarsa, littattafai 175. A wurinsa ƙullin labari hujja ce kawai, harshe ne jarumi: karin maganar titi, da lauya kalmomi, da ƙirƙirar sababbi, musamman a bakin Bérurier. Robert Escarpit ya shirya taron nazari a kansa a jami'ar Bordeaux tun 1965, an kuma buga ƙamus guda na kalmominsa a 1993. Chester Himes, baƙar fatar Amurka da ke zaune a Faransa, ya nuna cewa dariya na iya zama tare da jini da talauci a La Reine des pommes, wanda ya ci babbar kyautar adabin bin sawu ta Faransa a 1958. Dariyarsa ta mai ciwo ce, ba ta kwantar da hankalin kowa.

6. Farfaɗowa

An sha yi wa salon Christie jana'iza, bai mutu ba. Lilian Jackson Braun ta fara jerin labaran ɗan jarida da kyanwoyinsa a 1966. Shirin talabijin da masu Faransanci suka sani da Arabesque, inda Angela Lansbury ta fito a matsayin marubuciya Jessica Fletcher, ya yi kashi 264 daga 1984 zuwa 1996. A 1989 masoya salon a Amurka suka fara taronsu na shekara-shekara da kyautar Agatha, wadda ta keɓanta ga labaran da ba su da batsa ko zubar da jini a fili. Daga 1990 Diane Mott Davidson ta riƙa saka bayanin girke-girke a tsakiyar labarin kisa, wasu da yawa suka bi ta. M. C. Beaton ta fara Agatha Raisin a 1992, kuma fassararta ta Faransanci daga 2016 ta buɗe wa salon sabuwar kasuwa. A 2020, shekarar kullen annobar korona, littafin Richard Osman kan tsofaffi huɗu da ke binciken kisa a gidan ƴan ritaya ya yi kasuwa ƙwarai. In aka duba shekarun 1920 da shekarar 2020 tare, za a ga cewa salon yakan bunƙasa ne a lokacin da mutane suka gaji da mutuwa ta gaskiya.

Afirka ta shigo ta ƙofa biyu. Alexander McCall Smith, wanda aka haifa a Bulawayo a 1948, ya fara labaran Mma Ramotswe ta Botswana a 1998, masu taushi da raha, ko da yake kisa kaɗan ne a cikinsu. An yaba masa don ya nuna Afirka mai mutunci da zaman lafiya, an kuma soke shi don ya yi sauƙin hannu kan cutar sida da ke cin ƙasar a lokacin. Marubutan Afirka da kansu sun fi karkata ga salon titi: Achille Ngoye na Kwango ya shiga Série noire a 1996, Moussa Konaté na Mali (1951-2013) ya biyo da kwamishina Habib da mataimakinsa Sosso a L'Assassin du Banconi a 2002. A wurin Konaté akwai barkwanci tsakanin babba da yaro, amma talauci da cin hanci da ikon masu gargajiya suna nan tsaye a labarin.

7. Abin da ke jan mai karatu

Abu na farko tsari ne. Tzvetan Todorov ya nuna a 1966 cewa labarin ƙulli labari biyu ne a haɗe: na kisan, wanda ya ƙare kafin a fara, da na binciken, wanda aikinsa tono na farkon. Mai bin sawu ba ya cikin haɗari, mai karatu ma haka. Wannan rata ce ke ba raha wurin zama. Wanda ya san kacici-kacici ya san daɗin: ana ba ka duk abin da kake buƙata, a kuma bar ka ka faɗi.

Abu na biyu, wanda ya fi jan hankalinmu a matsayin masu nazarin harshe, shi ne dabarar faɗin gaskiya don a ɓatar. Paul Grice ya bayyana a 1975 cewa mai sauraro yana ɗauka mai magana zai faɗi abin da ya isa kuma ya dace. Marubucin bin sawu yana cin riba daga wannan amana. A Le Meurtre de Roger Ackroyd (1926), mu nemi gafarar wanda bai karanta ba, mai ba da labarin shi ne mai kisan, kuma bai yi ƙarya ba, ya dai tsallake mintuna goma ya bar mu mu cike gurbin da kanmu. Raha ma makami ce a nan: alamar da ta fi muhimmanci akan saka ta a bakin wawan labarin, mu yi dariya mu wuce.

Abu na uku shi ne ramuwar wanda aka raina. Tsohuwa da baƙo mai gurɓataccen harshe da ɗan guntun limami su ne ke ganin abin da hukuma ta kasa gani. Miss Marple ba ta da kayan bincike, tana da tsegumin ƙauye da sanin halin mutum, tana kwatanta kowane baƙo da wani da ta sani a gida. Mace ko tsoho da ke karatu yana ganin an ba irin iliminsa daraja. A ƙarshe kuma akwai alƙawarin da Bahaushe ya san shi: rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. A rayuwa ranar ba koyaushe take zuwa ba, a littafin kuwa tana zuwa a babin ƙarshe.

8. Inda ya gaza

Babban rauni shi ne matsayin mamaci. Domin raha ta yiwu, dole mai karatu kada ya yi makoki, don haka marubuci yakan mai da wanda za a kashe marowaci, ko azzalumi, ko mai baƙin baki. Kanar Protheroe kowa a ƙauyen ya ƙi jininsa, har limamin da kansa ya taɓa furta cewa mutuwarsa za ta zama alheri. Amfanin wannan ga ƙulli shi ne yawan waɗanda za a zarga, amma darasin da ke ƙarƙashi mai haɗari ne, wato akwai ran da asararsa ba ta da nauyi. Maraya da gwauruwa ba su da wuri a labarin sai in ana zarginsu.

Na biyu shi ne abin da ke biyo bayan babin ƙarshe. Duk zamanin da Christie da Sayers suka yi tashe, wanda aka kama da laifin kisa a Ingila rataya ce makomarsa, domin ba a dakatar da hukuncin ba sai 1965, Faransa kuma ta soke shi a 1981. Mai bin sawun da ke tara mutane a falo yana bayyana basirarsa yana aika mutum ga igiya ne, littafin kuma yakan rufe kafin a kai can. Sayers ta ga wannan: a littafin Wimsey na 1937 ta kai mu har asubar da za a rataye wanda ya kama, ta nuna jarumin yana kuka.

Na uku shi ne wanda aka bari a waje. Dokar Van Dine ta hana a sa bara ya zama mai laifi, a kan cewa mai laifi ya kamata ya zama mutum mai daraja. Barori a yawancin littattafan kayan dariya ne, ana kwaikwayon karyayyen harshensu. Baƙi da Yahudawa da mutanen ƙasashen da Ingila ta mallaka sukan fito da siffofin raini. Littafin Christie na 1939 ya fito da suna mai ɗauke da kalmar zagin baƙar fata, kuma sai a 2020 aka canza sunan fassarar Faransanci zuwa Ils étaient dix. Dukiyar da ake kisa a kanta sau da yawa daga ma'adinai da gonakin mulkin mallaka ta fito, labarin bai taɓa tambayar yadda aka tara ta ba. Mai karatu a Damagaram yana da haƙƙin lura da wannan.

Na huɗu shi ne gajiyar maimaici. Ƙauyen Cabot Cove na Arabesque ƙarami ne, amma gawa ba ta yankewa a cikinsa, har masu kallo suka mai da abin ba'a. In jeri ya yi tsawo, kyanwa da girki da soyayyar jaruma sukan cinye ƙullin, kisan ya zama al'ada kamar gaisuwa.

Sai dai adalci ya sa mu faɗi inda masu suka suka wuce gona da iri. Chandler ya ce kisa na titi ne, amma rahoton ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da laifuka ya nuna cewa cikin mata kusan 87,000 da aka kashe a duniya a 2017, kimanin 50,000 miji ko masoyi ko dangi ne ya kashe su. Labarin da ke neman mai kisa a teburin cin abinci bai yi nisa da gaskiya ba. Kuma Christie da kanta ta san raunin aji: a Les Indiscrétions d'Hercule Poirot (1953) dabarar kisan ta dogara ne kan cewa masu gida ba sa kallon fuskar matar da ke yi wa ƴar'uwarsu hidima. A Cinq petits cochons (1942) kuwa raha ta ja baya, baƙin cikin ƴar da ke neman wanke mahaifiyarta ya cika littafin.

9. Kammalawa

Mu koma ga ajinmu. Ɗalibar da ta ƙi aikin ta taɓo abu na gaskiya. A ƙasar Hausa akan rufe mamaci a ranar da ya rasu, a yi zaman makoki, a yi sadakar uku da bakwai da arba'in, matarsa ta shiga takaba wata huɗu da kwana goma. Jini kuma yana da masu shi, shari'a ta ba su zaɓi tsakanin ƙisasi da diyya da yafewa. Gawar da za a ajiye mako guda ana shan shayi kusa da ita ba ta da gurbi a wannan tsari. Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, wanda ya fito a tsakiyar shekarun 1930, yana da laifi da ramuwa da kisa, amma mai karatu ya san mai laifin tun farko, abin da yake jira shi ne alhaki, wanda aka ce kuikuyo ne. Duk da haka raha ba baƙuwa ba ce kusa da mutuwa a wurinmu: jikoki sukan yi wasa a makokin kakan da ya tsufa ya cika kwanansa, kuma wasan barkwanci tsakanin taubasai da ƙabilu, wanda UNESCO ta saka cikin gadon ɗan Adam da sunan Nijar a 2014, yana ba wasu lasisin faɗin abin da wasu ba su isa su faɗa ba. Taubashi da zai iya tsokanar mai gari a gaban jama'a mai bin sawu ne da aka riga aka tanada. Sharaɗin dai shi ne dariyar ta faɗa kan rayayyu da ƙaryarsu, a bar wa mamaci da iyalinsa mutuncinsu.

Akwai kuma aikin nahawu da ke jiran mai fassara. Bafaranshe yana cewa l'assassin ga namiji da mace, Hausa kuwa tana tilasta zaɓi tsakanin «wanda ya kashe» da «wadda ta kashe», har a «kai» da «ke». Wanda ya yi sakaci zai tona asirin littafin tun a babi na uku. Maganin yana cikin harshen: lamirin «an» da «aka» yana faɗin aiki ya ɓoye mai shi, kuma «mai kisan» ba ya nuna jinsi muddin ba a bi shi da lamiri ba. Haka nan barkwancin Poirot, wanda ya dogara kan cusa Faransanci cikin Ingilishi, yakan narke a fassarar Faransanci, alhali Hausar Nijar, da ta saba da ɗan boko mai yayyafa Faransanci cikin maganarsa, tana iya dawo da shi. Mun ba ɗaliban nan biyu aikin haɗin gwiwa na fassara babi guda na L'Affaire Protheroe, kowane ya rubuta bayanin wuraren da ya ga Hausa ta ƙi karɓar rahar da wuraren da ta karɓa. Sakamakon wannan gwaji shi ne za mu gabatar a takarda ta gaba.